Sunan Alƙalami: Laƙabi Ne Ko Maɓoya?

"Sunan alƙalami" baƙuwar magana ce a bakin Bahaushe, ko da yake kalmominta biyu duk 'yan gida ne. Suna namu ne tun kaka da kakanni. Alƙalami kuma ya iso mana tare da allo da tawada shekaru aru-aru da suka wuce. Amma a haɗa su wuri guda, a ce ana nufin sunan da marubuci ke sa wa rubutunsa a maimakon sunansa na yanka, wannan fassara ce da 'yan boko suka ɗauko kai tsaye daga Turanci. In kana musu, je ka ƙofar masallaci a Briqueterie ko New Bell ka tambayi wani dattijo, "Baba, mene ne sunan alƙalaminka?" Zai laluba aljihu ya ce maka Bic ne.

Abin da ya sa na ga ya dace mu tsaya a kan wannan kalma shi ne, tana haɗa abubuwa biyu da harshenmu da addininmu suka daɗe da rabawa. Akwai sunan da mutum ke ƙara wa kansa domin a san shi da shi, akwai kuma wanda yake rufa da shi domin kada a kama shi. Yau da kowane matashi ke da waya kuma yake iya zama marubuci kafin shayinsa ya huce, rashin bambanta su ya fara yi mana ɓarna.

Bari mu fara bin sawun kalmar. Bature na Ingila yana cewa pen name. Kalmar pen ta samo asali ne daga penna ta Latin, wato gashin tsuntsu, domin da gashin fiffiken dinya Turawa suke rubutu kafin a fara ƙera bakin alƙalami na ƙarfe da yawa a birnin Birmingham a ƙarni na 19. Mu nan Kamaru da muke cin tuwo da Faransanci mun san nom de plume, ita ma plume gashin tsuntsu ce. Abin dariyar shi ne, wannan magana mai kama da Faransanci Ingilawa ne suka ƙera ta a ƙarni na 19. Abin da Faransawa suka sani tun da can shi ne nom de guerre, sunan yaƙi, domin a zamanin sarakunansu duk wanda ya shiga soja akan raɗa masa wani suna, a kira shi La Fleur ko La Tulipe ko Sans-Souci, da shi za a riƙa kiransa a bariki. Ingilawa suka ga ai marubuci ba yaƙi yake yi ba, sai suka cire yaƙi suka sa gashin tsuntsu. Daga baya maganar ta tsallaka teku ta shiga Faransanci, su kuma suka sake mayar da ita harshensu ta zama pen name. Mu muka zo daga ƙarshe muka ɗauka muka ce sunan alƙalami.

Alƙalamin namu kuwa ba gashin tsuntsu ba ne. Daga al-ƙalam na Larabci yake, kalmar da ta zama sunan sura ta 68 a Alƙur'ani, kuma masana harsuna da yawa na danganta ta da kalamos ta Girkanci, wato kara. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san haka a aikace, ya feƙe karan gamba da reza, ya tsaga bakinsa, ya tsoma a tawada. Ga Bahaushe alƙalami abu ne mai nauyi. Shi ya sa idan abu ya tabbata, ba makawa, sai mu ce alƙalami ya bushe.

Akwai kalma ta uku da yaranmu suka fi sani, pseudonyme, wadda suka gutsure suke cewa pseudo. Ita daga Girkanci take, pseudes ƙarya, onoma suna. Sunan ƙarya ke nan, ba wani kwana-kwana. Larabawan zamani kuma suna cewa ismun musta'ar, sunan aro. To ka ga kowane harshe da inda ya sa ido. Ingilishi ya kalli kayan aiki, Girkanci ya kalli ƙaryar, Larabci ya kalli aron. Bahaushe kuma ya riga ya faɗi ra'ayinsa a kan aro, ya ce kayan aro ba ya rufe katara.

Kada wani ya ɗauka cewa ɗaukar suna na biyu baƙon abu ne a wurinmu. Wallahi da wuya ka samu al'ummar da ta kai mu yawan sunaye. Ranar bakwai a yanka rago a raɗa wa yaro Abubakar, kafin ya yi wayo ya zama Garba ko Habu. Usman ya zama Shehu, Umaru ya zama Sanda, Yusufu ya zama Maitama, Hauwa ta zama Kulu, A'isha ta zama Indo. Ga sunan rana, Ɗanladi da Jummai da Talatu da Balarabe. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, matar kirki a da ba ta kama sunan mijinta, yaron da ya ci sunan kakansa sai a ce masa Abba ko Baba don alkunya. Mawaƙanmu ma haka. Mutum nawa ne suka san Ɗan Maraya Jos sunansa Adamu Wayya? Aminu Ladan Abubakar ya tattara haruffan farko na sunansa ya zama Ala. Marubucin Kano Ado Ahmad ya jingina kansa da Gidan Dabino, har in ba ka haɗa da shi ba sai a tambaye ka wane Adon.

Amma duba da kyau. A cikin duk waɗannan babu wanda ya ɓace. Garba na nan a gidansu, in ya ci bashi an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ɗan Maraya ya hau dandali da kuntiginsa kowa na kallon fuskarsa. Wannan shi ne laƙabi, kalmar da muka aro daga laƙab na Larabci, sunan da ke manne wa mutum saboda wata siffa ko sana'a ko gari, har wani lokaci ya danne na yanka.

Tarihin Musulunci cike yake da shi. Siddiƙu da Faruƙu da Zun-Nuraini laƙubba ne. Abu Huraira alkunya ce da ya samu saboda 'yar kyanwa, ta shahara har malamai suka yi saɓani a kan sunansa na asali, ko da yake mafi shahara shi ne Abdurrahman ɗan Sakhr. Jahiz na Basra sunansa Amru ɗan Bahr, an kira shi haka saboda fitowar idanunsa. A'amash, babban mai ruwayar hadisi na Kufa, sunansa Sulaimanu ɗan Mihran, laƙabin kuma na nuni ne da raunin ganinsa. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana jifan juna da munanan laƙubba, amma malamai sun halatta ambaton irin su A'amash idan manufar ita ce a gane wanda ake nufi, ba a muzanta shi ba.

A nan ne malaman hadisi suka yi mana aikin da har yau ba mu gama cin moriyarsa ba. Ba su ce laƙabi haramun ne ba. Abin da suka dage a kai shi ne a san wane ne a bayansa. Imamu Muslim ya wallafa littafi a kan alkunya da sunaye, Ibnu Hajar na Askalan ya wallafa Nuzhatul Albab a kan laƙubba, duk don kada mai ruwaya ya sulale. Idan aka ce "wani mutum ya ba ni labari", ko aka ambaci sunan da ba wanda ya san mai shi, ruwayar ta yi rauni. Har suna suka ba dabarar mutumin da ke kiran malaminsa da wata alkunya da ba a san shi da ita ba domin ya rufe asalinsa, suka kira ta tadlisin shaihunai, suka ƙirga ta cikin aibobi. Ma'auninsu ke nan: sunan da ke kai ka ga mutum karɓaɓɓe ne, wanda ke ɓatar da kai daga gare shi abin zargi ne.

Mawaƙan Farisa da na Urdu suna da tasu kalmar, takhallus. Asalinta a Larabci ita ce yadda mawaƙi ke zamewa daga gabatarwar ƙasida ya shiga abin da ya kawo shi, daga baya ta zama sunan da mawaƙi ke saƙawa a baitin ƙarshe. Shamsuddin Muhammad na Shiraz ya zama Hafiz saboda haddar Alƙur'ani. Mirza Asadullah Khan na Indiya, wanda ya rasu a 1869, ya zama Ghalib. Wannan sa hannu ne, kamar hatimi a ƙasan wasiƙa. Marubuta waƙoƙinmu na ajami ma sukan yi haka, in sun zo tammat su faɗi sunansu da na mahaifinsu ko garinsu, wasu su nannaɗe shi cikin haruffa don mai karatu ya warware, su kuma sa shekarar da ramzi.

Yanzu sai wani ya ce, to Malam, kana nufin duk wanda ya ɓoye sunansa mai laifi ne? A'a, ko kusa. Akwai ɓuyan da tilas ce ta kawo shi, kuma misali mafi kusa yana nan gidanmu. Alexandre Biyidi Awala, haifaffen Akométam kusa da Mbalmayo a 1932, ya fitar da Ville cruelle a 1954 da sunan Eza Boto, lokacin Faransa na mulkin ƙasar nan, shi kuma ɗalibi ne a can Faransar. A 1956 ya fitar da Le Pauvre Christ de Bomba da sunan Mongo Beti, wato ɗan Beti, ɗan ƙabilarsa. Wannan sunan ya riƙe har mutuwarsa a 2001. A ƙarƙashinsa ya rubuta Main basse sur le Cameroun a 1972, gwamnatin Faransa ta haramta littafin. Malamin makaranta ne shi ma, a birnin Rouen. Da ya dawo gida ya buɗe kantin littattafai a Yawunde, duk mai son ganin Mongo Beti ya san inda zai same shi. Sunan ya fara a matsayin garkuwa, ya ƙare a matsayin laƙabi.

Mata kuwa dalilinsu ya fi na kowa ƙarfi. 'Yan gidan Brontë su uku a Ingila sun fitar da waƙoƙinsu a 1846 da sunayen Currer da Ellis da Acton Bell don kada a yi musu hukuncin "ai rubutun mace ne". Mary Ann Evans ta zama George Eliot. A Masar, A'isha Abdurrahman ta fito daga gidan malamai masu tsantseni a garin Dumyat, ta riƙa rubutu a jaridu da sunan Bintush Shaɗi'i, 'yar bakin gaɓa, don kada ta ɓata wa mahaifinta rai. Ita ce daga baya ta yi tafsiri, ta karɓi lambar yabo ta Sarki Faisal a 1994. A Senigal, Mariètou Mbaye ta fitar da Le Baobab fou a 1982 da sunan Ken Bugul, wato "ba mai so" da harshen Wolof, irin sunan da ake ba yaron da 'yan uwansa suka yi ta rasuwa, kamar yadda mu muke cewa Ajuji ko Ayashe. A Aljeriya ma wani hafsan soja, Mohammed Moulessehoul, ya ari sunan matarsa ya zama Yasmina Khadra saboda takunkumin bariki, bai bayyana kansa ba sai a 2001 bayan ya tuɓe kaki.

Na ga ƙaramin misalin wannan a ajina. Muna da jaridar bango da yara ke liƙa rubutunsu. 'Yan mata uku da suka fi kowa iya tsara magana ba su taɓa kawo komai ba, saboda tsoron dariyar samari da kuma kada labari ya kai gida a ce wance ta fara rawar kai. Da na ce kowa na iya zaɓen sunan da yake so, da sharaɗin ni in san mai shi, sai ga rubutu na zuwa. Saboda haka ba na cikin masu cewa a hana. Mu tsiraru ne, unguwanninmu ƙanana, kowa surukin kowa ne. Ma'aikacin gwamnati na tsoron a tura shi ƙauyen da babu hanya, ɗan kasuwa na tsoron rasa abokan ciniki, matar aure na tsoron dangin miji. In aka ce dole kowa ya sa sunan yanka, da yawa daga masu abin faɗa za su yi gum, a bar fili ga masu baki da kunu.

Sai dai wannan ƙanƙantar tamu da ta sa ɓuya ya zama uzuri, ita ce kuma ta sa ya zama guba in ya faɗa hannun da bai dace ba. Na san wani malami abokin aikina da aka wayi gari saƙo na yawo a wayoyin unguwa cewa ya ci kuɗin iyayen yara. Wanda ya rubuta ya sa hannu da "Mai Kishin Al'umma". Kwamitin iyaye ya zauna, aka baje takardu, ba a samu ko dala ta ɓata ba. Amma wa zai je ya ƙaryata a duk wayar da saƙon ya shiga? Wa za a kira gaban liman ko sarkin Hausawa ya ba da haƙuri? Mai Kishin Al'umma ya narke, bayan wata biyu wani "Ɗan Gaskiya" ya ɓullo da irin salonsa da irin kuskuren rubutunsa, ya koma kan wani. Magana zarar bunu ce, kuma a unguwar da ba ta wuce layi goma ba, zance ɗaya na iya fasa auren da aka sa wa rana ko ya raba masallaci biyu. Idan ka tambayi irin waɗannan matasa sai su ce maka, ai sunan alƙalami ne, manyan marubuta ma sun yi. Kun ga inda kalmar ta cuce mu? Ta ba mai jifa daga bayan katanga rigar Mongo Beti.

Hatta dokar duniya ta haƙƙin mallakar rubutu ta san wannan bambanci. Yarjejeniyar Berne, wadda aka fara ƙullawa a 1886, ta ce littafin da ba a san mai shi ba ana kare shi shekara 50 daga fitowarsa. Amma idan sunan da marubucin ya ɗauka bai bar shakka a kan ko wane ne ba, to ana yi masa lissafi irin na kowa, tsawon rayuwarsa da ƙarin shekara 50. Lauyoyin Turai sun zo sun tsaya a inda malaman hadisi suka tsaya tun da daɗewa.

Shawarata ga 'yan uwa marubuta da masu gyaran shafukan Hausa ita ce mu riƙa kiran kowanne da sunansa. Wanda aka san mai shi, ko ake iya kaiwa gare shi, mu ce laƙabin marubuci. Wanda aka yi don a ɓace, mu ce sunan ɓuya, ba tare da mun shafa masa mai ba. "Sunan alƙalami" ta riga ta shigo, ba mai iya korar ta, amma kada mu bari ta zama bargon da ke rufe su duka biyun.

Wanda kuma ya ga lallai sai ya sakaya sunansa, to ya riƙe guda ɗaya. Suna linzami ne. In ka riƙe shi shekara biyar, masu karatu za su san halinsa, su san ko mai gaskiya ne ko mai shaci-faɗi, kai ma za ka ji nauyin ɓata shi. Mai sauya suna kowane mako ba abin da yake tsoron rasawa. Sannan a samu amintacce da ya san ko kai wane ne, edita ne ko shugaban ƙungiyar marubuta, wanda zai rufa maka asiri amma ya iya nemo ka in ta ɓaci. Jaridun kirki haka suke yi. Wannan kuma zai taimaki na baya, domin duk mai binciken tsofaffin takardunmu na ajami ya san takaicin samun waƙa mai daɗi da ba a san wanda ya yi ta ba. Mu da rubutunmu na Hausa a ƙasar nan bai taka kara ya karya ba, bai kamata ɗan abin da muke da shi ya zama maraya ba.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ba na sassautawa a kai. Ka soki ra'ayi, ka soki al'ada, ka soki tsarin makarantu ko yadda ake rabon zakka, duk da laƙabinka, ba laifi. Amma ranar da za ka kama sunan wani ka ce ɓarawo ne ko mazinaci, ranar wanka ce, ba a ɓoye cibi. Kai ka fito da sunansa fili, to naka ma ya fito, ko kuwa ka kai hujjojinka ga editan da zai bincika ya ɗauki nauyin bugawa da nasa sunan. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu afka wa mutane cikin rashin sani. Ta yaya za mu bi diddigin labarin da mai kawo shi ya share sawunsa? Mu masu karatu ma da namu laifin. Duk wanda ya tura irin wannan saƙo gaba ya ara wa marar suna nasa sunan, domin wanda ya karɓa daga wayarka kai ya sani, da kai ya yarda.

Iyaye da malamai, mu riƙa tambayar yaranmu da wane suna suke rubutu a Facebook da TikTok, kuma me ya sa suka zaɓe shi. In yaro ya faɗa maka yana murmushi, laƙabi ne, ka ƙarfafa masa gwiwa ya ci gaba. In ya sunkuyar da kai yana kame-kame, to ku zauna, akwai magana. Allah Ya sa alƙalumanmu su zama hujja gare mu ranar da ba sunan da zai ɓoyu.